Haihuwar Ya Falmata Mai Sauƙi

Da kakar bana Ya Falmata ta cika shekara sittin da biyu a ƙasa. Ita ce babbar yayarmu, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma cikin waɗanda suka san fuskarta ni kaɗai na rage. Shi ya sa na ga gara in faɗi abin da ya kashe ta tun bakina yana motsi. Yunwa ce ta kashe ta, a gidan da rumbu yake cike da gero, kuma a hannun wadda ta fi kowa ƙaunarta.

A Nguru take aure, ana saura 'yan shekaru Turawa su tafi. Mijinta Malam Bukar fataucin banda yake yi, yana loda ta a jirgin ƙasa zuwa Kano, don haka kifi a gidansu sai wanda aka ture. Ita kuwa 'yar gajeriya ce siririya, mai yawan dariya, ba ta kuma wasa da cikinta. Da ta samu cikin fari zazzaɓi ya kai ta wani ɗan asibiti. A lokacin ba mu san wani abu wai shi awo ba. Wata ma'aikaciya ta ja fatar idonta ta duba, ta ce ta dage da cin hanta da wake da kifi da zogale, ta riƙa dawowa ana ganinta. Ya Falmata ta ce tunda take ba a taɓa ba ta magani mai daɗi irin wannan ba, ta kuwa bi shi sau da ƙafa.

Da ciki ya tsufa aka sa ta a mota zuwa Gashuwa goyon ciki, kamar yadda ake yi wa kowace mai cikin fari. Ni ina aure a nan unguwarmu, na je tarbarta. Ta sauko ta yi ɓulɓul, fatarta sai sheƙi take. Kowa ya yi murna ban da Inna, mahaifiyarmu. Ta dube ta daga sama har ƙasa, fuskarta ta canza.

"Wannan ƙugun naki ba zai fitar da ƙaton ɗa ba," in ji ta. "Daga yau ni zan riƙa zuba miki."

Ba zan zalunci Inna ba don ba ta nan. Tana budurwa ƙanwar babarta ta mutu a gabanta, ɗa ya maƙale ya ƙi fita, ana ji ana gani. A zamanin nan babu inda za a yi wa mace aiki kusa da mu, in ɗa ya fi ƙarfin hanya sai dai a haƙa kabari. Tsoron nan ne ya zauna mata a ƙirji, kuma ba ita kaɗai ba, duk tsofaffin unguwa haka suka yarda: a rage wa mai ciki ci, ɗa ya fito ƙarami.

Aka hana ta nono da nama da ƙwai da kifi da duk wani abu mai zaƙi. Da safe tsinkakken kunu, da yamma 'yar malmalar tuwo, tsakaninsu jiƙon sabara. Malam Bukar yana aiko da kwandon banda duk motar da ta taso daga Nguru, Inna tana rabar da ita gida-gida. Shi ba shi da fuskar tambayar surukarsa, ita kuma ba ta da bakin kai ƙarar uwarta. Wata rana ta ce mini, tana dariya, "Kaltume, kin ga unguwar nan kaf ta yi ƙiba da cikina, ban da ni." Ba a jima ba na same ta tana ɓantarar ƙasar bango tana ci.

Sai kumburi ya zo. Ƙafafu suka fara, fuska ta biyo baya, har awarwaronta ya ƙi fita daga hannu. Daga ɗaki zuwa gindin randa sai ta tsaya tana haki. Tsofaffi suka zo dubiya, suka latsa ƙafar, suka girgiza kai, suka ce yarinyar nan har yanzu ƙiba take yi, ɗan nan ba ƙarami ba ne. A nan ne abin ya lalace gaba ɗaya, domin kumburin da yunwa ta kawo shi aka ɗauka shaidar ƙoshi, Inna ta ƙara rage malmalar. Na ce, "Inna, dubi tafin hannunta, fari fat, babu jini." Ta ce, "Ke da ba ki taɓa jin naƙuda ba, me kika sani?" Gaskiya ne, ban taɓa ji ba.

Yau in na wuce asibiti ranar awo, na ga mata sun yi layi ana auna su, ana duba jininsu, ana ba su ƙwayoyin ƙarin jini, sai in ce da Ya Falmata za ta leƙo da ta tsokane su, ta ce gata ya yi musu yawa. Kumburin da ya ruɗi unguwa guda, yanzu kallo ɗaya za a yi masa a gane.

Naƙuda ta zo mata da hantsi. Kafin ungozoma ta cire mayafi har Ya Falmata ta sauka, 'ya mace, 'yar mitsitsiya, kukanta da kyar ake ji. Aka rangaɗa guɗa. Inna ta faɗi ta yi sujada tana kuka, don a ganinta ta ƙwato 'yarta daga bakin kabari. Jinin da ya zuba bai fi na sauran mata ba, sai dai ita ba ta da na bayarwa. Da aka tashe ta wankan jego ta yanke jiki ta faɗi. Nono bai zo ba. Malam Bukar ya iso daga Nguru da ragon suna, ya tarar da zaman makoki. Jaririyar ma ba ta kai arba'in ba.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne yadda mutane suka raba maganar biyu. Mutuwa, suka ce, kwana ne ya ƙare. Sauƙin haihuwa kuwa dabarar Inna ce. Ba a rufa shekara ba mata suka fara kawo mata 'ya'yansu ta koya musu yadda ake zuba wa mai ciki. Ni ma na yarda kwana yana ƙarewa, amma Allahn da ya yanka wa mutum kwana shi ya halicci abinci. Ko Inna ta gane daga baya, ba ta taɓa faɗa ba, ni ma ban iya tambayarta ba har ta koma ga Allah.

Watan jiya na je Dagona duba Zara, matar jikana, wadda ta koma gida goyon ciki. Auren zumunci ne, uwarta 'yar ƙanena ce. Zara tana zuwa awo, ana ba ta ƙwayoyi, uwar tana karɓewa tana ajiyewa, wai suna ƙara wa ɗa girma har a kai ga yi wa mace aiki. Kwanon da aka ajiye wa Zara na gani, yaron goye ba zai ƙoshi da shi ba. Da na yi magana uwar ta ce, "Gwaggo, so muke ta sauka lafiya irin ta Ya Falmata, wadda ake cewa ko ungozoma ba ta jira ba."

Ashe uwar ba ta ma san a wannan haihuwar Ya Falmata ta rasu ba. Yayata ba ta bar ɗa ba, ba ta bar hoto ba, kabarinta ma ya baje. Abin da ya rage nata a duniya rabin labari ne, da shi kuma ake hana wata yarinya abinci.

Na zauna na ba ta ragowar rabin, ban rage komai ba. Ta saurara cikin ladabi, ta ce, "Allah ya jiƙanta, Gwaggo, kwana ne ya ƙare." Na roƙa a ba ni Zara ta ƙarasa goyon cikin a ɗakina, aka ce sai an yi shawara. Har yau ban ji daga gare su ba, kuma watan da zai kama shi ne watan haihuwarta.