Madubin da Talatu Ta Yanke

Duk wanda ya taɓa neman a buga masa takarda a Gyadi-Gyadi ya san shagon Talatu. Tun zamanin tafireta take wannan sana'a, kuma ba wanda ya koya mata kwamfuta, ita ta yi ta danne-danne har ta iya. Shi ya sa ba ta son gyara. Abu biyu take ji da su a duniya: gwanintarta, da ƙanenta Mu'azu direban adaidaita, wanda ta raina bayan rasuwar uwarsu.

A shekarar da masu ƙwacen waya suka addabi layinsu a Darmanawa, Mu'azu ya yi ƙarfin hali ya ɗauki hoton uku daga cikinsu yana zaune a adaidaitarsa. Dattawan unguwa suka ce a rubuta ƙorafi a haɗa da hoton. Sai dai a gefe madubin adaidaitar ya fito, ga fuskar Mu'azu a ciki ɓaro-ɓaro.

"Kada ka damu, Baba," Talatu ta ce wa Malam Inuwa, shugaban dattawan. Ta sa hoton cikin takardar, ta yanke gefen, madubi ya ɓace. Har da 'yar dariyarta ta gwana. Ta buga masa, ta kuma zuba masa takardar a filas na kwamfuta don sauran dattawa su gani.

Bayan mako guda Motunrayo, malamar makaranta, ta zo buga jarrabawa. Ta ga an yanke taswirarta da yawa, sai ta karɓi linzamin kwamfutar ta ja gefen. Abin da aka yanke ya dawo tsaf.

"Ai ba ya tafiya, Anti, ɓoyewa kawai yake yi," in ji ta. "Sai kin shiga nan kin ce a goge shi."

Nan take Talatu ta tuna da madubin da ta yanke. Ta kira Malam Inuwa, ya ce filas yana ta yawo gida-gida, bai san hannun da yake ba. Kwana uku abinci ya ƙi shiga bakinta. Amma ba ta gaya wa Mu'azu ba, don kada a ce ta yi kuskure. A nan kam na ga laifinta.

Rana ta huɗu da hantsi wani saurayi ya shigo. Ta gane shi nan take, shi ne na tsakiya a hoton, ita da kanta ta ƙara wa fuskarsa haske. Ya ajiye filas a tebur.

"Hajiya, an ce ke ce gwanar unguwar nan. Wai hoton nan yana da saura. Buɗe min."

Ya zauna a benci, bayan kwamfutar na kallonsa, hannunsa ɗaya cikin aljihu.

"Tana da nauyi, sai ka yi haƙuri," ta ce.

Ta lalubo inda Motunrayo ta nuna mata. Sau biyu tana kuskurewa. Ta goge, ta adana, sannan ta juyo masa da kwamfutar ta ja gefen hoton a gabansa. Babu komai sai fari.

Ya daɗe yana kallo, ya zare filas ɗinsa. A bakin ƙofa ya waiwayo.

"Ba komai. Akwai kwafin takardar a wayar abokina, za mu kai kasuwar waya a buɗe mana."

Yana fita ta kira Mu'azu. Sai a kira na uku ya ɗauka.

"Yaya, ina da fasinja."

"Sauke su. Kada ka je gida, ka wuce tasha."

"Me ya faru? Ba kin ce kin yanke madubin ba?"

Talatu ta dafe tebur.

"Ban iya ba, Mu'azu," ta ce. "Wallahi ashe ban iya ba."