Dawar da Na Auna wa Mutumin Sundimina

Ni ba mutum ne mai zama wuri ɗaya ba, ko yanzu da gwiwa ta ƙi. Da ina da ƙarfi, jakuna huɗu nake korawa tsakanin Gwaram da Birnin Kudu, in sari dawa can in auna nan. Sana'ar Baba na gada, amma ban gaji haƙurinsa ba.

Baba yana da wata ɗabi'a da take ci mini rai. Da zarar hadari ya fara haɗowa, sai ya zo kasuwa da wani ɗan taiki daban. Dawar cikinsa tun kaka yake tsince ta, zangarniya bayan zangarniya, ya adana a toka. Duk wanda ya auna wa, in an zo gyara, ɗan ƙarin nan da ake yi wa mai saye bayan mudu ya cika, daga taikin nan yake ɗebowa, kuma da hannu biyu. Ya ce wa mutum ya ƙulle ta daban. Haba Baba! Mafi kyawun hatsinmu shi ne na kyauta? Kasuwa muka zo ko rabon sadaka? Sai ya ce, "Auna dai." Bai taɓa yi mini bayani ba, shi ma da nasa laifin.

Shekarar da ciwon ƙafa ya kwantar da shi, daminar baya ta yi gardama, hatsi ya yi wuya. Mudu ya dawo hannuna. Na buɗe wani rumbunmu da ya shekara uku, wanda ruwa ya taɓa shiga muka shanya dawar muka mayar. Dawar tana tuwo, wallahi tana yi, mu ma ita muke ci a gida. Amma duk mai awo ya san irinta ba ta tsira. Taikin Baba kuwa na sayar wa wani mai hali a Gwaram gaba ɗaya, ina ganin na yi wayo.

Washegarin ruwan shuka, a kasuwar Birnin Kudu, wani dattijo daga Sundimina ya tsuguna gabana. Ya tsoma hannu cikin dawar, ya murza, ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya gatsa. Na tambaye shi, don kada a ce ban tambaya ba.

"Baba, ta ci ce ko ta shuka?"

Ya waiwayi mutanen da ke gefensa, sannan ya dube ni. "Ta ci ce, ɗana. Iri ai akwai a gida."

Na auna masa mudu biyu, na yi masa gyara daga wannan dawar dai, ya tafi.

Sai bayan kwana goma, da na dawo daga Gwaram, Baba ya tambaye ni taikinsa. Na faɗa masa ina cika baki. Sai ya sa na ba shi labarin masu saye ɗaya bayan ɗaya. Da na zo kan dattijon, ya yunƙura ya zauna.

"Ya gatsa?"

Na ce ya gatsa.

"Kai wane irin mutum ne? Magidanci zai tako tun daga Sundimina ran da ƙasa ta jiƙa, don mudu biyu na tuwo? Manomin da yunwa ta sa ya cinye irinsa, a gaban jama'a kake so ya faɗa maka?"

Ashe abin da gyaran nan yake yi ke nan. Mutum ya tafi da iri ba tare da ya tona asirin kansa ba.

Daga ranar zama ya gagare ni. In shiga zaure, in fito, in duba jakunan da na riga na duba. Na yi ta gaya wa kaina ai na tambaya ya amsa, cinikina halal ne. Kuma halal ɗin ne, na tambayi malamin unguwarmu, ya ce babu ƙarya a maganata, ya bi ni da ido har na tashi. To me ya hana ni tafiya tun a ranar? Kasuwa tana ci, shi ke nan. Na ce bari wannan ta wuce, ta wuce, na ce bari ta gaba. Sai da na ɓata kasuwa uku kafin na samo iri mai kyau a Basirka, na ɗora wa jaki na nufi Sundimina.

A gona na same shi. Dawar maƙwabtansa ta kai gwiwa, tasa gonar ba komai sai ciyawa. Ya gane ni nan take, ya tarbe ni da fara'a, har yana yaba cikar muduna. Ni kuwa kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ya ce, "Sau biyu na shuka, ɗana, ko ɗaya bai fito ba. Gonar ce ta gaji, tun kakana ake nomanta. Na sallama wa maƙwabcina ita, za mu koma wajen 'yata a Maruta."

Bai ce dawata ya shuka ba, ni ma ban ce na sani ba. Na sauke masa irin, ya yi godiya, ya ce lokacin dawa kam ya wuce. Na buɗe baki in ce masa gonarsa ba ta da laifi, kada ya rabu da ita. Sai ya miƙo mini ƙwaryar ruwa, ya ce na sha hanya. Na karɓa na sha, na kora jakina, ban faɗa ba.

Da kakar wata shekarar na bi ta wajen da gangan. Wani ne a gonar yana yanka, dawar ta fi ni tsawo.