Matar da Aka Hana Tsallaka Titi

Duk wanda ya zauna a unguwarmu ta baƙi ya san ta, ko da bai san sunanta ba. Kafin masu shaguna su gama ɗaga ƙofa ta sauko daga bas da baƙar jakarta a kafaɗa, ta gyara mayafi, ta dubi dogayen benayen da muke cunkushe a cikinsu, sannan ta fara hawa. Ma'aikaciyar lafiya ce ta gida-gida, masu ciwon sukari take bi. Ba likita ba ce, ba ta kuma taɓa yarda a kira ta likita ba. Mai Tsinke muke ce mata, saboda wani siririn tsinken roba da take taɓa tafin ƙafar mutum da shi, ta ce ya rufe ido ya faɗi inda ya ji. Wanda ciwon ya daɗe a jikinsa ƙafarsa takan daina ji, ya taka ƙusa ya yini yana yawo bai sani ba.

In ta shiga ɗaki sai ta gaisa a natse, ta tambayi yara, ta tambayi labarin mutanen gida. Ta soki yatsa ta auna sukari, ta buɗe firij ba neman izini ta ga ko maganin allura yana inda ya kamata, ta zaro kwalaben lemon da aka ɓoye bayan tukunya ta jera su a kan tebur. Daga nan ta durƙusa ta ce, "Cire safa." Na ga dattawa masu furfura, waɗanda ko matansu ba sa iya ce musu tashi, suna cire safa salin-alin. Ta bi tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya, ta zura hannu cikin takalmi ta lalubo tsakuwa. Ranar asibiti ta raka mutum, ta fassara masa abin da likita ya ce, ta kuma gaya wa likita abin da mutumin ya ji kunyar faɗa.

Wani bincike ne ya kawo wannan aiki. Likitocin wata jami'a sun lura ana yawan yanke ƙafar baƙi 'yan ci-rani masu sukari, suka ce za su gwada su gani ko ziyarar gida za ta rage abin. Suka nemi wadda ta iya harshenmu da na 'yan ƙasa, aka nuna musu ita. Amma gwaji yana da sharaɗi. Aka yi ƙuri'a, benayen hannun dama na titinmu suka faɗa cikin waɗanda za a riƙa ziyarta, na hannun hagu aka bar su da asibiti yadda suka saba, don a kwatanta daga baya. Aka yi alkawari cewa in abin ya yi amfani hukuma za ta ɗauke shi, kowa ya samu.

Kawuna yana hannun hagu. Direban tasi ne, ƙanin mahaifiyata, shi ya riƙe ni lokacin da na iso ƙasar nan ban san gabas ba ban san yamma ba. Sukari ya daɗe a jikinsa. Da ƙafar dama yake taka mota, da ita yake ciyar da gidansa da kuma gidaje biyu a can gida.

Matar da ke share asibitin unguwa ta ba ni labarin ranar da Mai Tsinke ta tare babban likitan binciken a bakin ofishinsa.

Ta ce, "Likita, titi ɗaya ne fa. Tsallakawa kawai zan yi. Mutanen nan da su muke gaisawa kullum."

Ya ce, "Na sani, Malama. Amma in kika shiga ko'ina, da me za mu nuna bambanci? In ba a ga bambanci ba, hukuma ba za ta ba kowa ba. Ki daure. In abu ya yi tsanani suka kira ki, ki je, ba mai hana ki."

Na so in tsani wannan likita, abin ya gagara. Ba mugu ba ne, maganarsa kuma tana kan hanya, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Mai shara ta ce ta ga Mai Tsinke ta koma bayan ƙofa ta goge ido da gefen mayafi, sannan ta ɗauki jakarta ta fita.

Haka ta yi ta aiki a gefe ɗaya. Kowace safiya Kawu yana goge gilashin motarsa zai hango ta, ya ɗaga murya yana tsokana.

"Malama, mu 'yan bora ne? Ko shayinmu ne bai yi miki ba?"

"Shayinku ai sukari ne da ɗan ruwa-ruwa," in ji ta. "Malam, don Allah ka je asibiti a duba maka ƙafar nan."

"Ƙafar da nake wankewa sau biyar a rana za ki ce ban san halinta ba? Lafiya ta lau."

Iyakar abin da aka yarje mata ke nan, ta ce masa ya je, kuma ba ta gaji da faɗa ba. Shi kuwa yinin asibiti a wurinsa yini ne da mota ba ta fita ba, ga zaman layi, ga likitan da ba ya jin maganarsa. Yana ta gobe, yana ta jibi.

Sabon takalmi ne ya goge masa ƙaramin yatsan ƙafar dama. Bai ji zafi ba, da ya gani kuma sai ya ɗaure da tsumma ya mayar da safa, ya ɓoye wa kowa. Wari ne ya tona asirin. Matarsa ta sauko da gudu ta tari Mai Tsinke a bakin titi ta ce, "Yaya, zo ki ga ƙafar maigida, ni dai ban gane mata ba." Ina wurin lokacin da ta kwance tsumman. Ba ta yi masa faɗa ba, ba ta ce ai na gaya maka ba. Cewa kawai ta yi, "Ɗauko masa riga, yanzu za mu tafi." Ta zauna da mu a asibiti har likitoci suka gama shawara, kuma ita ta fassara masa hukuncin, don ba wanda zai iya a cikinmu. Aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa.

Ba a jima ba binciken ya ƙare, sakamako ya fito fes. A hannun dama ƙafafu sun tsira, a hannun hagu an yi asara. Aka yi taro a babban ɗaki, aka haska zane-zane a bango, aka tafa, aka ce Mai Tsinke ta miƙe a gan ta. Ƙafar Kawu tana cikin abin da ya sa bambancin ya fito sarai. Jami'an hukuma suka yaba, suka karɓi rahoto, suka ce za a duba. Tun daga ranar shiru kamar an aiki bawa garinsu. Likitan ya yi ta sintiri ofis-ofis har ya gaji, daga baya aka mayar da shi wani gari. Aka rufe aikin, dama da hagu suka zama ɗaya, ba mai ziyartar kowa.

Ranar da aka ce mata aiki ya ƙare, ranar ta tsallaka titi. Ƙofar Kawu ta fara ƙwanƙwasawa. Yana zaune a kujera, sandunansa a jingine da bango, ya dube ta ya yi murmushi.

"Malama, yau an sake ki ke nan? Shigo. Aikin ma ya yi miki sauƙi, guda ɗaya ce ta rage."

Ta durƙusa a gabansa, ta kasa ɗago kai. Ta ce, "Malam, ka yafe mini."

Ya ce, "Me kika yi mini? Ke aka ɗaure, ni kuma taurin kai. Tashi ki yi aikinki."

Ba albashi, ba takardar aiki, haka ta ci gaba shekara da shekaru, tana wankin kwanuka a wani gidan abinci da rana, tana hawa benayenmu da safe. Tela na bene na uku yana taka kekensa har yau saboda ita. Tsohuwar da ke sayar da turare a ƙasan gininmu takan ɗaga zane ta nuna wa mutane yatsunta cif, ta ce na Mai Tsinke ne.

Yanzu gwiwoyinta sun ƙi. A makon jiya na gan ta zaune a tsakiyar matakala tana haki, jaka a cinya, ta ce mini, "'Yata, na kai inda zan kai." Ƙarshen watan nan za ta ajiye, ta koma wurin ɗanta a wani gari mai nisa.

Inna Mai Tsinke, ke ce kika durƙusa a gaban ƙafafun da masu su ma ba sa son kallo. Ke ce kika haɗiye abin da zuciyarki ba ta so, kika wuce ƙofar maƙwabci don an ce miki gobe kowa zai samu, goben ba ta zo ba, ba ki kuma yi fushi kin bar mu ba. Uwar marasa uwa a ƙasar mutane. An rubuta aikinki a rahoto, an karanta shi a ƙasashen da ba ki taɓa zuwa ba, mu dai ba mu ga abin da ya dawo mana ba sai ke. Mun gode. Allah Ya saka miki da alheri, Ya sauƙaƙa miki gwiwar nan da kika ƙarar a kanmu.

Ta yi shelar duk mai so ya zo ta koya masa kafin ta tafi. 'Yan mata biyu suka zo, da suka ji ba albashi suka zame, ban kuma ga laifinsu ba, kowa da bakin da yake ciyarwa. Ni na fara bin ta, amma aikin masana'anta ba ya barina sai ranar hutu, benayen kuma ba mutum ɗaya suke so ba. Don haka nake roƙonku, 'yan unguwa, ba don ina da wani dogon fata ba. Hukuma ta san abin da ke aiki, an nuna mata da ƙafafun mutanenmu, ta kawar da kai. In kuna da tsoho mai sukari a gida, ku zo ku koya tun tana nan, ku daina jiran wani bincike.

Jiya Kawu ya tambaye ni ko gaskiya ne za ta tafi. Na ce gaskiya ne. Ya daɗe yana kallon ƙafarsa ta hagu, sannan ya ce, "To, wannan kuma sai yadda Allah Ya yi da ita."