Bindigar Wanda Bahaguwa

Ƙanwata Wanda Kuhlman direbar motar 'yan makaranta ce a garinmu da ke jihar Nebraska. Bahaguwa ce, ga rashin son magana. Abin da ya fito da ita shi ne harbin gasa da ƙaramin harsashi, inda ake jera kaji da aladu da raguna na ƙarfe a nesa, kowa ya kayar da nasa. Tun tana budurwa babanmu ya samo mata bindiga mai sakata ta bahagwai, irin wadda ake jan sakatar da hannu bayan kowane harbi, ya sassaƙe ƙotar daidai kumatunta. Da ita ta girma, da ita ta yi furfura.

A bara likita ya ce hannunta ya fara rawa, kuma abin gaba zai yi. Wanda ta ce to, gasar gunduma ta bana ita ce ta ƙarshe, kuma tana son ta fita da kambun a hannu.

Sai mijinta Merle, sarkin iyayi, ya shigo maganar. Ana saura mako guda ya kwashi bindigar bai gaya mata ba, ya kai kasuwar bindigogi ya yi musanye da sabuwa mai ɗura kanta. Wani baƙo ya saye tsohuwar ya yi gaba. Merle ya dawo yana washe baki, wai ya hutar da matarsa jan sakata. Wallahi ranar ji na yi kamar in shara masa mari.

Ita sabuwar ta dama take tofar da kwanson harsashi. Ga mai harbi da kafaɗar hagu kuwa, nan fuskarsa take. Wanda ta san haka, amma ta je gasar. Harbin farko, kwanso mai zafi ya gogi kumatunta, hayaƙi ya bugi fuska. Kafin a gama da kaji ta fara ƙifta ido tun ba ta taɓa kunamar bindigar ba, kuma mai ƙifta ido ya gama harbi. Ragunan nan ko ɗaya bai faɗi ba. Mutane suka riƙa kau da kai don kunya, shi kuwa gogan yana bayanta da gasasshiyar masara a hannu, man shanu na bin haɓarsa.

"Haba 'yar gari, abu mai sauƙi!" in ji shi da ƙarfi. "Ki mayar da ita kafaɗar dama mana, ki saita da idon dama. Sai na koya miki?"

Na ce, "Kai Merle, rufa mana baki, don Allah."

"Bar shi, Yaya," in ji Wanda. Ta cire harsasan, ta ajiye bindigar a kan tebur, ta juyo ta tsaya dab da shi. "Merle, kalle ni da kyau. Da wane ido nake ganinka?"

Idonta na dama ya mutu tun tana 'yar shekara tara, wayar shinge ce ta tsokane shi. Duk mai zuwa filin nan ya san da haka, har mai sayar da masarar. Mutumin da ya yi shekara talatin yana kwana gefenta ya tsaya da totuwar masara a hannu, ya dubi na hagu, ya dubi na dama.

"To... ba duka biyun ba?" in ji shi.