Baba Dawuda Mai Banda da Kifayensa na Dutse

Duk wanda ya saba bi ta layin masu kifi a kasuwar Garuwa ya san Baba Dawuda Mai Banda. Shekara arba'in da ɗoriya, da an idar da sallar asuba yake fitowa ya tarbi motar Lagdo, ya kwance kwanduna, ya jera kifinsa iri-iri: tarwaɗa nan, karfasa can, giwan ruwa a gaba don jawo ido. Ko rufe masa ido ka yi ka ɗora masa kifi a hannu, zai faɗa maka sunansa. Wannan kowa ya yarda da shi. Abin da ya ɗaure mana kai shi ne aikinsa na bayan la'asar, lokacin da yake shimfiɗa tabarma a zaure, ya ɗauki allura da tsohon buroshin goge baki, ya zauna yana yi wa dutse sakace.

Eh, dutse. Ni Nasrullahi maƙwabcinsa ne, kuma ba zan ɓoye ba, ina cikin waɗanda suka yi masa dariya.

Yadda ya ba ni labari, wata shekara mota ta lalace da su a hanyar Figil, azahar ta yi, babu ruwa. Ya sami wani faffaɗan dutse zai yi taimama, yana ɗora tafinsa sai ya ji ɓawon kifi. "Nasrullahi," in ji shi, "hannuna ya riga idona gani. Na ce to, wa ya kawo kifi kan tudu, kuma wa ya cusa shi cikin dutse?" Tun daga ranar, duk hutun da ya samu yana bakin wani mayo, wato ƙoramar da ke ƙafewa da rani, da guduma da ƙusa, yana tsaga duwatsu.

Tambayar tasa kuwa har yau ba ta bar ni ba. Wani malamin unguwarmu ya ce ragowar ruwan ɗufana ne. Wata tsohuwa ta ce abincin aljanu ne, a mayar musu da kayansu. Madam Georgette, mai koyar da kimiyya a wani lise na garin nan, wato makarantar sakandare, ta ce tafki ne ya taɓa kwanciya a wurin fiye da shekara miliyan ɗari da suka wuce, kifayen suka mutu, laka ta binne su, lakar ta daskare. Na yi ƙoƙarin ɗaukar miliyan ɗari a kaina, kan ya ƙi. Shi Baba Dawuda bai taɓa yi wa kowa musu ba. Abin da ya dame shi suna ne. Yawancin kifayen nan ɓawonsu mai tauri ne kamar na gartsa, amma ƙayar bayansu ba ta gartsa ba ce, shi kuwa bai iya ƙaƙaba wa kifi sunan da ba nasa ba. Sai ya riƙa rubutawa a littafinsa da ajami: "Ɗan'uwan gartsa, amma ba ita ba."

Madam Georgette ce ta fara gane darajar abin da ke zauren nan. Dutse sittin da uku, kowanne da lamba a bayansa, kowace lamba da wurin da aka samo ta a littafi. Ta ce wurin shi ne rabin ilimin, domin dutsen da ba a san inda ya fito ba ado ne kawai. Da Baba ya sauka daga rumfa bara saboda yanar ido, aka shirya cewa in an yi masa aiki ya dawo, za a kai duwatsun makarantarsu a ware musu ɗaki, masana su zo su duba.

A nan abin ya kwaɓe. Yana kwance a lopital, wato asibiti, surukarsa Rabi'atu ta ce ba zai dawo da sabon ido ya tarar da ƙura ba. Ta share zaure, ta goge, ta ɗebo ruwa a baho ta wanke duwatsun ɗaya bayan ɗaya, har da soso, ta shanya su a rana. Baba kuwa da tawadar allo yake rubuta lambobinsa, wadda aka yi ta don a wanke. Ina wurin ranar da aka cire masa bandeji ya shigo zaure. Ya juya dutsen farko, ya juya na biyu, ya murza ido.

"Kai, aikin nan bai yi ba," in ji shi. "Ba na ganin nimero ko ɗaya."

Rabi'atu ta ce, "Baba, wane nimero? Baƙin nan na baya? Ai na zaci datti ne."

Ita ta fashe da kuka, ni na rasa wanda zan duba. Littafi na nan, duwatsu na nan, amma abin da ya haɗa su ya bi kwata. Aka buɗe littafin ko bayanin zai taimaka, sai ga "ɗan'uwan gartsa" sau arba'in da ɗaya. Na ce masa ya yi kirdado mana, wa zai sani? Ya dube ni da sabon idon nan nasa ya ce, "Ni na sani. Ban yi wa mai saye ƙarya a kan kifi mai wari ba, sai a kan wanda ba ya iya magana?" Sannan ya ce wa Rabi'atu ta share hawayenta, tsabta ba laifi ba ce.

Kwana biyu bayan haka ya aiko a kira ni da Madam Georgette. Ya ce mu nemi mota, za mu karɓo rabon mai ruwa. Muka dubi juna, ba wanda ya gane. Ashe shi ɗan masunta ne, kuma a gidansu in ka yi su a ruwan wani, sai ka bar masa rabonsa kafin ka tafi. Dutsen nan kuwa in ka tsaga shi biyu yake rabuwa, kifi a ɓari ɗaya, sawunsa a ɗayan. Shekara talatin Baba yana ɗaukar ɓari guda, yana miƙa wa mai gona ɗayan, ko mai gonar yana so ko ba ya so.

Duk ranin bana muka yi muna yawo, da duwatsu naɗe cikin tsofaffin zannuwan Rabi'atu, wadda ta rantse ba za a tafi ba da ita ba. A wani ƙauye wani manomi mai suna Gédéon ya zaro nasa daga ƙarƙashin rumbu yana cewa, "Tsohon nan! Na ce me zan yi da dutse, ya ce haƙƙina ne. To ina zan jefar da haƙƙina?" Aka riƙa gwadawa har ɓari ya hau ɓari, ya zauna daram kamar murfin tukunya. Wani ya tokare ƙofa da nasa, wata tana wasa wuƙa a bayan nata. Da an gane gonar da dutse ya fito, sai a duba littafi a ga lambarsa; haka dutse sittin suka koma lambobinsu, wannan karon da fenti.

Saura uku. Masu gonakin sun rasu, iyalansu sun watse. Cikin ukun nan kuwa har da wanda Madam Georgette ta fi ƙwallafa rai a kansa, kifi cikakke daga baki har wutsiya. Baba ya karanto sunayen da suka rage, na ukun ya ce, "Malam Birahim, bakin mayo." Ya ɗago kai. "Nasrullahi, ina rabon babanka?"

Na ce wane rabo? Na san mahaifina ya yi noma a wajen Figil kafin ya rasu, amma na rantse ban taɓa ganin dutse cikin kayansa ba. Na koma gida raina a jagule, na nufi randa zan sha ruwa, sai idona ya sauka a kan abin da randar ke zaune a kai. Tare suka zo daga ƙauye shekara goma sha tara da suka wuce. Na sauke randar, na kifar da dutsen, ga sawun kifi kwance, daga baki har wutsiya. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba. Kullum ina shan ruwa a kansa, sannan in fita in yi wa mutumin dariya.

Na ɗauka na kai masa. Ya haɗa ɓarin biyu, ya shafa bakin haɗin da yatsa, ya ce wa Rabi'atu, "Rubuta, goma sha bakwai."

Baba Dawuda, kai ne wanda ya riƙe ladabin masunta a inda ko ɗigon ruwa babu. Kai ne ka ba mutane rabonsu suna yi maka kallon wanda ya zautu, ga shi rabon nan ne ya ceci aikinka. Har yanzu ban gane yadda kifi ya hau tudu ba, ban san me masana za su kira ɗan'uwan gartsa ba, kuma ban san dalilin da ya sa mai banda ya ba da shekara talatin ga kifin da ba a ci ba. Abin da na gane kaɗan ne, amma ya ishe ni in ce mun gode, Allah ya ƙara wa idon nan haske. Masu tasowa, in kun ɗauki abu a wurin wani, ku bar masa rabonsa, in kuma ba ku san sunan abu ba, ku ce ba ku sani ba.

Duwatsu sittin da ɗaya suna makaranta yanzu. Biyu suna nan a zaurensa ba lamba, ya ce ba za su fita ba sai an san gidansu, kuma kullum bayan la'asar yana zaune kusa da su yana jira. Don Allah, duk wanda iyayensa suka taɓa noma a hanyar Figil, in ya koma gida yau, ya ɗaga randarsa ya duba.