Na Shafe Ramukan Bindigarsa da Baƙin Mai

A lokacin ina da shekara talatin da 'yan kai, ina cajin batirin mota a wata rumfa kusa da bodar Jibiya. Ba ni da mata, dangina duk suna Maraɗi. Da aka rufe boda direbobi suka ɗauke ƙafa, sai in wuni ban yi hira da kowa ba, in ban da wani tsohon maharbi daga Daddara da kan tsaya wurina duk ranar kasuwa. Mu sha shayi yana yi mini tsiya, wai ni gwauro ne da ya auri batir. Duk garin shi kaɗai ke tambayata ko na ci abinci.

Zaman banza ya sa na koyi cire tsatsa daga ƙarfe da wutar batir da ruwan kanwa, a waya na gani. Na gwada a kan fartanya ta fito fes, sai kaina ya kumbura. Ni da bakina na ce wa tsohon ya kawo adakarsa, bindigar da ya gada wurin mahaifinsa, in wanke masa bututunta. Ya yi ta jan ƙafa, yana cewa shi tsumma da man gyaɗa ya sani, amma don kada in ji babu daɗi ya kawo. Garin rawar kai na juya wayoyin batirin, na haɗa su a baibai, na bar bututun cikin ruwa na tafi masallaci. Da na dawo na tarar wutar ta bar tsatsa ta ci ƙarfen. Duk jikinsa ƙananan ramuka, wani wurin har ya sirance. Na so in faɗa masa, wallahi na so. Ba faɗansa na ji tsoro ba, tsorona kada ya daina zuwa. Sai na cuɗa baƙin mai da garin gawayi na shafe ramukan, na miƙa masa yana ta sa mini albarka.

Bayan kwana tara ya ɗura albarushi zai kori birai daga gonarsa, bututun ya tarwatse a hannunsa. Yatsu uku ya rasa. Da na je dubiya na same shi kan tabarma, hannu a naɗe. Shi ne ma ke ba ni haƙuri, wai kada in sa wa raina komai, shi ya cika albarushi, ga tsufan bindiga, aikina kuwa ya yi kyau. Na yi ta gyaɗa kai kamar ƙadangare, na tashi ban faɗa ba. Bayan wata biyu 'yarsa ta zo ta tafi da shi can cikin Nijar, ban ma san garin ba.

Juya waya kuskure ne, kowa na iya yi. Shirun da na yi shi ya raba bawan Allah da yatsunsa. Don Allah kada kowa ya koyi abu a waya ya gwada shi a kan bindiga. In kuma ka ɓata kayan mutum, ka faɗa masa tun hannunsa na lafiya, ko da zai yi fushi ya tafi. Ni na yi shiru don kada in rasa shi, kuma na rasa shi. In yana raye, har yau yana can yana zargin kansa da laifin da nawa ne.