Wani Yaro Ne Na Gidanmu

Zan iya manta abubuwa da yawa na zamana a Riyad, da zafinta da cunkoson motocinta da zirga-zirgar sabunta igama, wato takardar izinin zama, amma akwai wani mako guda da na san zai raka ni har kabari. Shekaru sun ja, duk da haka ranar da aka ajiye farantin abinci a shago na ga gurbin mutum ɗaya babu kowa, sai abin ya dawo mini sabo fil.

A lokacin ni ke kula da wani shagon dabino a kasuwar Utaiƙa. Shagon na kafilina ne, wato Balaraben da nake aiki a ƙarƙashinsa, amma da yake yana da wani babban shago a kasuwar Dira, sai ya sakar mini wannan. Ni ne mai karɓar oda, ni ne mai raba aiki, ni ne kuma mai shan faɗa in abu ya lalace. Ba yabon kai ba, na iya aikina. Kuma tun farko na kafa doka ɗaya da ba na wasa da ita: in an idar da azahar, a sauke ƙofa rabi, a shimfiɗa leda a ƙasa, kowa ya zo mu sa hannu a faranti ɗaya. Kafili ya sha yi mini tsiya cewa mu Hausawa ba mu iya cin abinci a tsaye ba. Ni kuwa nakan ce masa a bakin faranti nake gane wanda ya kwana lafiya da wanda bai kwana ba.

Cikin ma'aikatanmu akwai wani dattijo daga wani ƙauye na yankin Maraɗi, kowa Kawu yake ce masa. Aikinsa tantance dabino, ya ware sukkari mai tsada daga na yau da kullum, ya cire mai tabo, ya jera a kwali. Da yatsa biyu yake taɓa dabino ya gaya maka ko zai kai sallah ko ba zai kai ba. A wurin cin abinci kuwa shi ne gishirin zaman. Kullum sai ya zagi shinkafar kabsa, ya ce abincin tsuntsaye ne, da a gida ne da ya sha furarsa ya miƙe. Yana zagin yana kai loma, kuma shi ke tashi a ƙarshe.

Ana saura 'yan makonni azumi, lokacin da mai dabino ba ya samun sukunin sosa ƙeya, Kawu ya shigo da safe ya tsaya kusa da ni, ya ce a hankali, "An yi mana rasuwa a gida. Wani yaro ne na gidanmu."

Muka taru muka yi addu'a, muka ce Allah ya jiƙansa. Na ce ya koma masauki ya huta ranar, ya ce a'a, aiki ya yi yawa. Ya naɗa rawaninsa ya shige sito. A baƙunta irin wannan labarin ba baƙo ba ne, kusan kowane wata wani zai ce an yi masa rashi, a yi fatiha a ci gaba.

Amma daga ranar Kawu ya daina zuwa faranti. In an kira shi sai ya ce, "Ku ci, na ƙoshi." In ka ce yaya jiki, sai ya ce, "Lahiya lau." Zaman ya yi shiru, babu mai zagin kabsa. Sannan aka fara ganin abin da ba a taɓa gani ba. Wani babban mai saye, wanda ke raba dabino a masallatai duk azumi, ya dawo mana da kaya mota guda, ya ce an cakuɗa masa sukkari da na banza, har da masu tabo a ciki. Kwalayen duk daga hannun Kawu suka fito.

Kafili ya zo da kansa yana huci. Mutum ne mai kirki amma mai saurin hawa, in ransa ya ɓaci har agogon hannunsa yake kaɗawa. Ya ja ni gefe ya ce, "Dattijon nan ya gama. Idonsa ya tafi. Ƙarshen makon nan zan buga masa kuruj, ya koma ƙasarsu, in kawo matashi." Kuruj shi ne izinin fita na dindindin, in an buga maka shi ka tattara naka ya naka. Na kuma san gida guda cur ke ci daga gumin Kawu.

Na ce masa ya ba ni zuwa gobe. Abin da na riƙe a raina shi ne, idon da ya yi shekaru bai yi kuskure ba, ba ya mutuwa cikin mako ɗaya. Ruwa ba ya tsami banza.

Da aka ajiye faranti ranar, na ɗebi nawa a ƙaramin kwano na bi shi sito. Na same shi zaune kan kwali, dabino ɗaya a hannunsa yana ta jujjuya shi, ba ya ma kallonsa. Na zauna a ƙasa.

Na ce, "Kawu, yaron nan da ya rasu, ɗan wa ne?"

Ya ce, "Na gidanmu ne."

"Na ji. Yaya sunansa? Ina so in sa shi a addu'a."

Sai ya sunkuyar da kai. Ya buɗe baki kamar zai yi magana, ya sake rufewa. Wallahi na san wannan shirun. A cikinsa na girma. Ni ɗan fari ne a gidanmu, kuma har na yi gemu ban taɓa jin sunana a bakin mahaifina ba. In zai kira ni sai ya ce "kai", in zai yi maganata da wani sai ya ce "yaron nan". Kunyar ɗan fari ce irin ta mutanen da, ba ƙiyayya ba.

Na ce, "Kawu, na fari ne?"

Bai ɗago ba, ya gyaɗa kai. Daga baya na ji cewa wanda yake kira yaro magidanci ne, da mata da 'ya'ya biyu, zazzaɓi ne na 'yan kwanaki ya tafi da shi.

Na ce, "Haba Kawu! Ɗanka ya rasu kana nan kana jera dabino? Me ya hana ka faɗa?"

Ya ce, "Mi za ni ce? Da wane baki? Can gida ƙannena ne za su zamna gaba su amshi gaisuwa, ni ina gehe, ba sai na ce komi ba. Kowa ya sani. Nan ga, wa za ya hwaɗa mani?"

Ban taɓa jin tausayin namiji kamar ranar ba. Mutum yana ɗauke da gawar ɗansa a ƙirji, al'ada ta ɗaure masa harshe, kuma babu ɗan'uwa kusa da zai kwance masa. Na ajiye kwanon na ce, "To daga yau ni ne ƙanenka. Ni zan faɗa."

Da la'asar na tari mota zuwa Dira. Na sami kafili a shagonsa yana shan gahawa, na gaishe shi yadda suke so, na ce, "Allah ya ja da ranka, na zo da bayanin dattijon nan. Idonsa lafiya lau. Ɗansa na fari ne ya rasu."

Ya ce, "Ai cewa ya yi wani yaro."

Na yi masa bayanin al'adarmu, cewa a wurin dattawanmu uba ba ya ambaton ɗan fari, ba ya nuna nasa ne a gaban mutane. Ya dire kofin yana kallona kamar na ce rana daga yamma take fitowa. Ka san su, namiji da sunan ɗansa na fari ake kiransa, Abu wane, shi ne girmansa, shi ne abin alfaharinsa. Ya ce, "Subhanallah! Mu da sunan ɗa ake sanin uba, ku kuma ɓoyewa kuke yi?"

Na ce, "Kowa da irin tasa soyayyar. Yanzu abu ɗaya nake nema. Ka ba ni sito kwana uku in shimfiɗa tabarma a yi masa zaman makoki, kuma ka ajiye maganar kuruj."

Ɗan kasuwa ɗan kasuwa ne. Ya ce, "A wannan makon? Odar mutane fa?"

Na dube shi ido cikin ido na ce, "Oda a wuyana take. In na kasa, ka buga kuruj ɗin biyu, nawa da nasa." Ban faɗa don burga ba. Na san abin da hannuna zai iya, na kuma san shagon da ya kori mutum saboda ɗansa ya mutu, sauran ma'aikatan ba za su sake yi masa aiki da zuciya ɗaya ba. Ya kaɗa hannu ya ce, "Yalla, je ka." Har na kai ƙofa ya kira ni ya tambayi sunan mamacin. Na riga na samo shi a waya daga wani ɗan garinsu, sai na gaya masa.

Washegari muka tura kwalaye gefe muka shimfiɗa tabarmi. Na aika saƙo ga 'yan'uwa a Al-Ud da sauran unguwanni. Mutane suka riƙa zuwa in sun tashi aiki, direbobi, magina da ƙurar siminti a gira, 'yan Maraɗi, 'yan Damagaram, Kanawa, Sakkwatawa. Ni na zauna a gaba. Duk wanda ya shigo sai in ce, "Ɗan Kawu ne, na fari, Allah ya karɓi abinsa." Kawu yana gefe da carbi, ba ya cewa komai sai amin. Ina karɓar gaisuwa, in an ɗan sarara in tashi in shiga jera kwali, in dawo. Na gaji a kwanakin nan gajiyar da ban taɓa yi ba.

Rana ta biyu sai ga kafili, ma'aikatansa na biye da shi ɗauke da babban tire na shinkafa da rago, domin su ma a al'adarsu ba a barin gidan makoki ya ɗora tukunya. Ya cire takalmi, ya nufi Kawu kai tsaye, ya sumbaci goshinsa, ya ce Allah ya girmama ladanka, ya Abu wane. Ya ambaci sunan yaron ɓaro-ɓaro a gaban jama'a.

Na ce a raina shi ke nan, Balarabe ya ɓata mana shiri. Kawu ya ɗago ya dube shi, sai kawai ya rufe fuska da rawani ya fashe da kuka, irin kukan da ya kwana biyu yana neman hanya. Babu wanda ya ce masa ya yi haƙuri. Muka bar shi ya yi abinsa, da yawa cikinmu ma muna share ido. Da ya lafa, aka buɗe tiren, na ga ya matso da kansa ya sa hannu. Ya kai loma biyu, ya ce cikin dasasshiyar murya, "Har yau dai shinkahwa." Aka yi dariya da hawaye a fuska.

Ba zan ce komai ya tafi daidai ba. Oda ɗaya ta makara, mai ita ya yi fushi ya koma wani shago, bai kuma dawo ba. Kafili ya yi mini mitar wannan har bayan sallah. Amma maganar kuruj ba ta sake fitowa daga bakinsa ba. Kawu ya koma kan kwalayensa, yatsun nan biyu suka dawo aiki kamar da, kuma bayan sallah aka ba shi hutu ya je ya ga jikokinsa. Har ya bar ƙasar don kansa, kafili bai sake kiransa da wani suna ba sai wancan na Abu wane, shi kuma yana amsawa.

A makon ne na kira gida. Mahaifina ya karɓa, ya ce, "Kai ne? Ya aiki?" Muka gaisa a taƙaice kamar kullum ya miƙa wa mahaifiyata. Na tambaye ta ko yana maganata kuwa. Ta yi dariya ta ce, "Kullum in ya dawo masallaci sai ya ce, yaron nan bai bugo ba?"

Abin da na koya ke nan, kuma da shi nake riƙe mutane har yau da nake da nawa wurin. In ƙwararren hannu ya fara kuskure, kada ka yi saurin neman wani hannun, ka fara tambayar abin da ya sami mai shi. "Lafiya lau" gaisuwa ce, ba amsa ba ce. Akwai nauyin da mutum ba zai iya faɗa da bakinsa ba ko zai kashe shi, sai an sami wanda zai faɗa masa. Shi ya sa duk ranar da na ga gurbi a bakin faranti, ba na aika kowa. Ni nake ɗaukar kwano in bi mutum.